Kyanwar Inna ta tsufa, ƙoda ta taɓu, kuma ta ƙi abinci

Ta Rafindadi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon kyanwa, musamman wanda ya taɓa jinyar tsohuwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, zube muku komai zan yi ku tsinci mai amfani.

Kyanwar asali ba tawa ba ce, ta mahaifiyarmu ce. Da daminar 2010 Inna ta tsinto ta a bakin kwata wajen Ƙofar Marusa, 'yar mitsitsiya, idonta ko gama buɗewa bai yi ba. Ta naɗo ta a gefen mayafi, da cokalin shayi ta shayar da ita. Mu muka sa mata Tsintuwa, amma Inna ba ta taɓa kiranta da haka ba, "mussata" kawai take cewa. Da Inna ta rasu a 2022 aka raba kaya, kowa ya ɗauki nasa, ba wanda ya yi maganar kyanwa. Kwana uku tana kwance a kan buzun sallar Inna. Ni na sa ta a kwali na shiga Keke Napep da ita zuwa gidana. Maigidana ya leƙa kwalin ya ce, "Gadon naki ke nan?" Na ce shi ke nan.

Yanzu shekararta 15 da 'yan watanni. Tun bayan babbar sallah na lura ta koma shan ruwa kamar raƙumi. Da can sai ta wuni ban ga ta je wajen kaskon ruwanta ba, yanzu har bakin randa take hawa, in na yi alwala ta zo tana lasar abin da ya zuba a siminti. Yashin da nake zuba mata a tsohon baho kuwa kullum sai na sake shi saboda fitsari. Na ce zafi ne. Damina ta wuce, sanyi ya shigo, shan ruwan bai ragu ba, sai rama. Ina sana'ar cincin da kek, ina da sikelin auna fulawa. Bara da yara suka ɗora ta da wasa kilo 4.1 ce. Ran Asabar na sa ta a kwando na auna, 2.7 na gani. In kin shafa bayanta kamar kina jan carbi.

Na kai ta asibitin dabbobi. Likitan mutumin kirki ne, ya kuma faɗa min gaskiya cewa aikinsa ya fi yawa a kan shanu da tumaki da kaji. Ya ɗebi jini aka kai gwaji, takardar ta dawo da wani abu wai kiriyatinin, an rubuta 310. Ya ce ƙoda ce, ta daɗe tana lalacewa, kuma ba ta komawa yadda take, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ya ce a daina ba ta gishiri da ƙashi, a nemi abincin kyanwa na masu ciwon ƙoda. Na zaga gari ban samu ba. Ɗiyar yayata da ke aiki a Abuja ta sayi ƙaramin buhu ta ba direba, na je tasha na karɓo. Kuɗinsa ba zan faɗa ba, kada maigidan ya ji. Na zuba mata, ta shinshina, ta juya ta hau tonon siminti da ƙafa irin yadda take yi in za ta binne kashinta. Sau huɗu ina gwadawa, har jiƙa shi na yi da ruwan ɗumi.

Abin da ya fi ɗaga min hankali, ba wai yunwar ce ba ta ji ba. In na shiga kicin tana biye da ni tana kuka, muryar ma ta dishe. In na ajiye mata sai ta zo, ta sunkuya, ta lashi leɓe sau biyu ko uku, ta haɗiyi yawu, ta koma gefe ta zauna tana kallon kwanon. Na dafa mata kaza ba gishiri, ta lashe romon ta bar tsokar. Wani lokaci da asuba ta yi amai, farin kumfa kawai. Bakinta kuma yana wani irin wari kamar na fitsari.

Abu ɗaya take ci ba gardama: kifin banda da ɗan tuwon da aka cuɗa da miyar kuka. Da shi Inna ta raine ta. Shekaranjiya da jiya ba abin da ta sa a ciki sai ruwa. Daren jiya na kasa jurewa na ɓare mata rabin kifi, ta cinye har tana gurnani. Na kwanta ina jin kamar guba na ba ta da hannuna.

To ga tambayata. In bar ta da yunwa har ta haƙura ta ci abin da likita ya ce, ko in ba ta abin da take so ko da yana cin ƙodar? Kuma akwai abin da zan dafa da kayan kasuwarmu da zai raba gardama? Ba na neman ta koma yarinya. Ba na dai so ta mutu da yunwa a gidan da kullum ake gashin kek.


Mai Hatsi, Daura:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ke kuma ya ba ki ladan riƙon amana. Ni hatsi nake sayarwa sama da shekara 30, kuma mai sito ba ya rabuwa da mage, in ba haka ba ɓera ya raba shi da jari. Jikana ke rubutawa, ni ina faɗa.

Kada ki bar ta da yunwa. Mage ba kare ba ce. Kare in ya sha wuya zai koma ya ci abin da ya ƙi jiya, mage kuwa sai ta mutu a gaban kwano cike. Na taɓa yin wannan gardamar da wani muzuru nawa, na ce bari mu ga wa zai gaji, ni na gaji, ni na haƙa masa rami.

Mage da hanci take ci kafin baki. Abinci mai sanyi ba ya tashi, ba ta jin sa. Ki ɗumama shi ya zama kamar jikin ɓeran da aka kama yanzu, ki taɓa da bayan hannu, in kin ji zafi to ya yi yawa. Ga shi hunturu ne, ƙura ta toshe mana hanci mu ma, balle tsohuwar da ke kwana a ƙasa. Kafin ki ajiye mata ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki share mata hanci.

Ki bar zuba mata a kwano mai zurfi, ba sa son gashin bakinsu yana gogar gefe. Murfin samira ya ishe ta. Ki ɗora a kan bulo ko guntun katako don kada ta yi ta sunkuyo, tsufa a ƙashi yake ko ga dabba. Kuma kada ki tula. Cokali ɗaya, in ta cinye a ƙara. In ta ga tuli sai ranta ya fita.

Ni tsofaffina tarwaɗa ɗanya nake saya musu wajen masu kawowa daga dam ɗin Daberam, a dafa ba gishiri, a zare ƙaya, a kirɓa a ƙaramin turmi da romonta har ta zama kamar kunu mai kauri. Wadda haƙori ya gaza lasa take yi. A haɗa mata da hanta kullum da ɗan kindirmo, suna sa ƙarfi. In ta ƙi daga murfi, ki ɗebo a yatsa ki miƙa mata. Wadda aka raina da cokalin shayi ba za ta ƙi hannu ba.


Ɗan Kwaɗo:

Ikon Allah. Hajiya mutane na neman na garin kwaki, ke kina kai jinin mage gwaji har da odar abinci daga Abuja. Ba raini ba, amma shekara 15 ai ta ci zamaninta. Ki jiƙa mata rabin Panadol ta samu sauƙin jiki, sauran ki bar wa Allah.


Likitan Dabbobi, tsohon ɗalibin Samaru:

Kafin komai, Hajiya, don Allah kada ki ba ta Panadol, ko ɓalli, ko a jiƙe. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, wato maganin da ke cikin Panadol, yadda tamu ke yi. Ƙwaya ɗaya ta manya tana kashe lafiyayyar kyanwa: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Haka ibufurofen da diklofenak, su kam ƙodar suke duka kai tsaye. In wani ya ce zai yi mata allurar jentamaisin, ita ma ki ce a'a, ƙoda take ci. Ɗan'uwa na Kwaɗo na san taimako ka yi nufi, mutane da yawa ba su san wannan ba.

Amsar tambayarki a gajarce: Baba Mai Hatsi ya yi gaskiya, ba a horar da kyanwa da yunwa. In ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, jikinta kan kwaso kitse ya tara a hanta har hantar ta tsaya, wannan kuma ya fi ciwon ƙodar saurin kisa. Ga wadda ta rame kamar taki, jiki tsokar kansa yake ci, dattin da ke fitowa daga nan kuma ƙodar ce dai za ta tace shi. Kifin da kika ba ta daren jiya ba guba ba ne. Da babu gara ba daɗi. Sai dai kada mu tsaya a nan.

Lasar leɓe da haɗiyar yawu da kika kwatanta tashin zuciya ne. Ƙodar da ta gaza ba ta fitar da dattin jini yadda ya kamata, sai ya taru. Shi ne warin da kike ji a bakinta, shi ke sa aman kumfa da asuba, wani lokaci har ya fasa gyambo a harshe da dasashi. Tana son ta ci, in ƙamshin ya buge ta sai cikinta ya juya. Duk iya girkinki in ba a kwantar da wannan ba wahalar banza za ki yi. Ki koma wajen likitanki ki tambaye shi maganin tashin zuciya. Akwai Cerenia na dabbobi, in babu akwai ondansetiron da ake samu a kantin magani na mutane. Akwai kuma mirtazafin mai buɗe ciki, wanda a Amurka tun 2018 aka yarda da wani nau'insa na shafawa a cikin kunnen kyanwa. Ba zan rubuta miki awo a nan ba da gangan. Awon kyanwa ɗan mitsitsi ne, kuma mai ciwon ƙoda maganin kan daɗe a jikinta, har akan tsallake kwana. Wanda ya riƙe ta a hannu shi zai yanke. Ki kuma buɗe bakinta a haske ki duba. Tsofaffi da yawa da ake cewa sun ƙi abinci, ruɓaɓɓen haƙori ne ya hana su.

Lambar nan 310 ta kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini: a ma'aunin matakan ciwon ƙoda da likitocin dabbobi ke bi, mai suna IRIS, daga 140 zuwa 250 mataki na biyu ne, 251 zuwa 440 na uku, sama da haka na huɗu. Taki tana na uku. Amma in an ɗebi jinin lokacin da jikinta ya bushe, lambar kan hau fiye da gaskiyarta, don haka a sake gwadawa bayan sati biyu ko uku. Kuma ki daina zargin kanki da rashin lura da wuri. Wannan lambar ba ta tashi sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙoda ya tafi.

Yanzu abinci. Mutane gishiri suke tsoro, amma babban abokin gaba shi ne fosfaras, wani sinadari da ke cikin abinci. Ƙoda mai rauni ba ta iya zubar da shi, in ya taru kuma ya ƙara lalata ta. Ya fi yawa a ƙashi da ƙaya, da busasshen kifin da ake ci da ƙayarsa, da kifin gwangwani, da madara da nono, da gwaiduwar ƙwai, da hanta. A nan ne zan roƙi Baba ya yi min afuwa. Kindirmo da hanta kullum na iya yi wa matashin muzurun sito, ban da wannan tsohuwar. Hanta kullum ma ko ga mai lafiya tana tara bitamin A har ƙashin wuya ya sandare. Sauran abin da Baba ya faɗa kuwa, ɗumamawa da murfin samira da share hanci, abin da ake koya mana ne a aji, shi ya koya a sito.

Miyar kukar a daina gaba ɗaya. Ba kukar ce matsala ba, albasa ce da tafarnuwa da magi. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Ita kuwa da ma jininta na ƙasa, don ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya yi jini. Tsire da kilishi ma haka, saboda yajin.

Ga abin da za ki iya haɗawa. Cinyar kaza da fatarta, a zare ƙashin kafin a dafa, a ruwa kaɗan, ba gishiri. Kitsen fatar yana ba ta ƙarfi ba tare da fosfaras ba. Ki haɗa da dafaffen farin ƙwai, ban da gwaiduwa, shi furotin ne mai kyau da fosfaras ɗan kaɗan. Ki sa zuciyar kaza ɗaya ko biyu, don akwai wani sinadari torin da kyanwa dole ta samu daga nama, in babu shi zuciyarta da idonta su lalace. Yana fita cikin ruwan dahuwa, don haka kada ki zubar da romon, ki markaɗa duka tare. Kifin bandar nan kuma ki mayar da shi turare, ba abinci ba. Ki ɗan murmushe tsokarsa, ba ƙaya, abin da yatsu biyu za su ɗauka, ki barbaɗa a sama. Hancinta zai ce abincin Inna ne.

Tunda kina da sikeli kin fi yawancin masu zuwa wurina. Kyanwa mai kilo 2.7 na buƙatar aƙalla kalori 150 a rana, wato kusan giram 70 na dafaffiyar cinya. Ki auna abin da kika zuba, ki auna abin da ta bari, ki rubuta. Sau biyar ko shida a rana. Ido yana ruɗin mutum, sai ki ga ta ci ashe lasa ta yi.

Wannan haɗin na tsallake rami ne, ba cikakken abinci ba ne na watanni. Nama zalla ba shi da isasshen kalsiyam, sinadarin gina ƙashi. Akan gyara da garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka busar aka daka, wanda kuma yana kama wani ɓangare na fosfaras tun a hanji, amma sai likita ya ga kalsiyam ɗin jininta tukuna, don wasu masu ciwon ƙoda nasu ya riga ya hau.

Buhun Abuja kada ki ba kaji. Ki ɗaure bakinsa da kyau ki ɓoye. Kyanwa in ta shinshini abu tana cikin tashin zuciya sai ta ɗora masa laifin, ta tsane shi. Ki bari sai ta yi sati biyu tana ci, sannan ki daka ƙwaya uku ko huɗu cikin kazar, ki riƙa ƙarawa a hankali, ko da zai ɗauki wata guda. Yana da amfani na gaske. A wani bincike da aka yi a Landan aka buga a 2000, kyanwoyin da suka karɓi irin wannan abincin tsaka-tsakin abin da suka ƙara na rayuwa ya kai kwana 633, waɗanda ba su ci ba 264. In ɗiyar yayarki za ta sake saye, ta nemi mai ruwa-ruwa na leda ko gwangwani. Royal Canin Renal, Hill's k/d da Purina NF duk suna da shi, kuma kyanwoyi sun fi karɓarsa.

Ruwa kada ki taɓa rage mata don yawan fitsari. Fitsarin ne ke jawo shan, ba shan ke jawo fitsarin ba. Ƙarin ruwan nan na ƙarƙashin fata likita zai iya koya miki ki riƙa yi a gida. Kada ki danne ta ki ɗura mata abinci da sirinji, yana iya bi ta huhu. In kin ga wuyanta ya lanƙwashe ƙasa ba ta iya ɗaga kai, sinadarin fotashiyam ne ya yi ƙasa a jininta. In kin ga baƙin idonta ya buɗe tana karo da bango, hawan jini ne, a ranar za ki kai ta. In kuma hali ya yi, asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya yana da sashen ƙananan dabbobi, haka na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.


Ta Rafindadi:

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma, a gaida jikan mai rubutu. Na gwada yatsan da la'asar. Ta lasa sau bakwai, ina ƙirgawa.

Likita, Allah ya saka da alheri. Na karanta sau uku, na kwafe a bayan littafin da nake rubuta odar cincin. Na naɗe ta a tawul, babbar ɗiyata ta haska da waya muka buɗe bakin. Akwai wani haƙori can ciki ta hagu da ya yi baƙi, dasashin wurin ja wur, ga kuma wani ɗan farin gyambo a gefen harshe. Ko yaƙushina ba ta yi ba, da ma kyanwar Lami ce tun tana ƙarama. Maganar albasa ta girgiza ni. Shekara 12 Inna na ba ta miyar nan, ni na ƙara uku a kai. Gobe in sha Allahu zan koma asibitin.

Ƙanena na Kwaɗo, ban ji haushi ba, garin kwakin ni ma awonsa nake. Amma tun muna Islamiyya aka karantar da mu matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Wannan ba ta iya kama ko ƙadangare yanzu. In ban ba ta ba, kulle ta na yi ko da ƙofa a buɗe take.


Maman Biyu, Sabuwar Unguwa:

Yaya, sannu da jinya. Nawa muzurun bara ya tafi, shi ma ƙoda, wata tara muka yi muna fama. Abin da likita bai taɓo ba shi ne wuta. Kada ki dafa na kwana uku ki dogara da firji, sau biyu ina zubarwa. Ni cinya ɗaya nake dafawa da safe, in raba a ƙananan robobi, in wuta ta ɗauke in sa a kula da ƙanƙarar leda. In za ki ɗumama kada ki mayar kan wuta, yana bushewa. Ki ɗora murfin a kan kofin ruwan zafi minti biyu. Abin da ta bari ya wuce rabin awa a kwashe, ƙuda ba ya jira.

Kuskuren da na yi, kada ki maimaita: na daka masa magani cikin abinci. Ya ji ɗacin sau ɗaya, ya yi kwana huɗu ba ya kusantar kaza. Magani daban, a wani ɗaki daban, da wani hannu ma in zai yiwu. Ni maigida na bar wa ba da magani ya zama shi ne mugun, ni mai abinci.

Ki ajiye ruwa wuri uku ko huɗu, nesa da bahon yashinta, ɗaya kusa da inda take kwana. Sun fi son na randa, ko don sanyin ƙasar ne. Da sanyin nan kuma ramammiya ba ta riƙe ɗumi, kuma in tana rawar ɗari ba ta ci. Ki cika gorar roba da ruwan ɗumi ki naɗe a tsohon zane ki sa mata a kwali. Ban da kusa da kaskon gawayi, nawa ya taɓa ƙona jela bai ma ji ba.

Za a yi ranakun da za ta cinye har ki yi murna, washegari ta kau da kai. Kada ki ɗauka girkinki ne.


Ɗan Kwaɗo:

Hajiya a yafe ni. Wallahi ban san haka Panadol yake musu ba. Shekaru biyu da suka wuce mun ba kyanwar gidanmu da ta yi mura, kwana ɗaya ta ƙara. Mu cewa muka yi murar ce.


Ta Rafindadi:

Ba komai ƙanena, Allah ya yafe mana duka.

Yau kwana 16, na ce bari in dawo da labari tunda kun yi min ɗawainiya. Likitan ya rubuta maganin tashin zuciya da na buɗe ciki, ya yanka min ƙwayoyin da reza a gabana ya ƙulla kowane ɓalli a takarda. Haƙorin ya ce ba zai taɓa shi yanzu ba, ba ta da ƙarfin ɗaukar allurar barci, ya dai ba da abin da zai kwantar da kumburin. Ƙarin ruwa sau biyu a sati. Na farko da na yi da kaina hannuna rawa yake, allurar ta shiga ta ɓulla ta ɗaya gefen fatar, ruwan ya jiƙa min zane. Ita ko a jikinta. Yanzu na iya.

Giram 70 ɗin nan ba mu taɓa kaiwa ba. Littafina ya nuna 25 a ranar farko, 40, 38, ranar Juma'ar da ta wuce har 62, ranar Lahadi kuma 15, na zauna a kicin na yi kuka, sai na tuna maganar Maman Biyu. Yawanci dai tsakanin 50 da 60. Aman asuba sau biyu kawai cikin kwanakin nan. Jiya sikeli ya ce 2.8. Na sauke ta na sake ɗorawa har sau uku don kada ya zama kwandon ne.

Tarwaɗar Baba na gwada sau ɗaya, ta ci, amma ta fi son kazar da barbaɗin banda. Wani abu kuma da ba wanda ya faɗa min: na ciro buzun Inna daga akwati na shimfiɗa a lungun da take kwana, na ɗora murfin samirar a gefensa. Ko ɗumin gashin ne, ko wani abu take ji a jikinsa, a nan ta fi ci. Na asuba kuma ba ni ke bayarwa ba yanzu. Mai cewa "gadon naki ke nan" shi ke ɗumamawa in ya dawo daga masallaci, na ji shi ran nan yana ce mata, "Hajiya a daure a ƙara ɗaya."

Buhun Abuja mun fara shekaranjiya. Ƙwaya uku na daka ba ta gane ba. Jiya na yi zari na sa takwas, ta shinshina ta tashi ta hau tonon siminti. Yau mun koma uku.

Likita, wata tambaya kuma. Kashinta ya yi tauri kamar tsakuwa, kwana biyu ke nan tana shiga baho ta yi ta nishi ta fito ba komai. Maƙwabciyata ta ce in dafa kabewa in murje in sa mata rabin cokalin shayi a abinci. In sa, ko in bari sai ran Alhamis da za mu koma gwajin jini?